Firam ɗin satifiket: ya dace da hoton inuwa kuwa?

Yawancin masu fara yankan hoton inuwa (siffar abu da ake yankewa daga baƙin kwali a ɗora a kan farar takarda) a gida a Bauchi, firam ɗin da hannunsu ke fara kaiwa shi ne na shagunan littattafai na wajajen Wunti, mai girman takardar A4, wanda dama don satifiket aka yi shi. Yana yin aikin, amma sai an gyara masa abu biyu, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta tona aibinsa.

Abin yabonsa a fili yake. Girmansa santimita 21 da 29.7, daidai takardar da ake bugawa a shagon kwamfuta, babu zuwa wurin mai yankan gilashi. Bakinsa siriri ne baƙi, ba ya janye ido daga hoton. Kafin a biya dai a ƙwanƙwasa fuskarsa da farce: wasu gilashi ne, wasu roba. Robar tana karcewa tana kuma jawo ƙura, sai dai a ɗakin yara ta fi kwanciyar hankali.

Babban aibinsa rashin zurfi. Takardar tana kwanciya jikin gilashin kai tsaye, idan Agusta ta zo danshi ya shiga, baƙin kwalin ya manne, ya bar tabo mai sheƙi da ba ya gogewa. Maganinsa a yanka taga da farin kwali mai kauri, a bar baki santimita 3 ta kowane gefe, a sa ta tsakanin gilashi da hoton. Filin hoton zai koma 15 da 23.7, to tun wurin zane a san da wannan. Abu na biyu allon baya ne, wanda ba ya rufewa ruf. Hazon hunturu yana kutsawa ta gefe, kuma babu abin da ke nuna ƙura kamar baƙi. A bi gefunan huɗu da salatif na takarda, shi ke nan.

Shi kansa hoton, a kwali ake cin nasara ko a faɗi. A nemi baƙi mai nauyin giram 160 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Mai giram 80 yagewa yake yi a wurare sirara, wanda ya wuce 250 kuma wuƙa ba ta juyawa a kansa. A duba kaifin gefen kwalin da kyau. Idan cikinsa fari ne, fuskarsa kawai aka rina, kuma duk inda aka yanka farin zare zai fito ya ɓata layin. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, ga shi ba ya gyaruwa sai an sake.

A buga zanen a juye, a liƙa shi ta bayan kwalin. Ƙananan ramukan ciki ake fara cirewa, gefen waje daga ƙarshe, hannu yana juya takarda wuƙa tana tsaye. Da zarar bakin ya fara jan gashin takarda, a canja shi. Cikin siffofin da za a iya yankawa, itacen kuka yana fita da kyau ƙwarai, muddin babu reshen da ya gaza milimita 2. Hasumiyar masallaci da dagin Arewa su ma haka, musamman ga gidan da ba ya rataya siffar abu mai rai. Wanda ba ya ganin laifin hakan, giwayen Yankari a jere suna cika firam idan aka kwantar da shi.

Wurin liƙa hoton a kan farar takarda, kada a kusanci gam na ruwa, kumbura takarda yake yi ta tattare. Na sanda ya wadatar, ɗigo-ɗigo, sannan a danne da babban littafi ya kwana.

Maratayin da ke bayan firam ɗin ƙarami ne, yana ɗaukar nauyin wannan girman amma ban yarda da shi a kan A3 (ninkin A4) mai gilashi ba. Wannan a kai wa kafinta. A kuma guji bangon da ranar la'asar ke duka, don baƙin kwali yana koɗewa ya koma ruwan ƙasa.