Shagon da na haɗa kwamfutar gem da editin a Computer Village

Masu tambayata inda na haɗa kwamfutar da nake editin bidiyon biki da ita, to a Computer Village ne, kasuwar kwamfuta da waya ta Ikeja a Legas, wani ɗan shago a saman bene ta wajen layin Otigba, kuma zan iya tura mutum can hankalina kwance duk da akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba.

Mai shagon Bayarabe ne amma wanda ke zaune kan teburin haɗa kaya ɗan uwanmu ne Bahaushe haifaffen Agege, kowa Injiniya yake ce masa. Kafin ya sauko da ko kwali ɗaya sai da ya tambaye ni, "Yaya, wane aiki za ta yi maka, 1080 kake yankawa ko 4K, kuma da me kake editin ɗin?" Nace DaVinci Resolve, wani lokacin Premiere Pro, da daddare kuma in buga gem ɗin FC da Warzone da abokai. Yace to kuɗinka ya fi tafiya kan girafik kad da RAM, don shi Resolve kan kad yake jibga yawancin aikinsa musamman wajen gyaran kala. Wannan tambayar ce ta sa na zauna, don shagunan da na fara shiga duk mai tsadar suke fara nuna maka ba ruwansu da aikin da zaka yi.

Firosesa mun tsaya kan Ryzen 5 5600 mai koa 6 da tired 12, a kan madabod B550. Raina ya so AM5, wato mazaunin firosesa na kamfanin AMD da ya fito a 2022, amma shi RAM irin DDR5 kaɗai yake karɓa, ka ga madabod da RAM duk sun ƙara kuɗi kenan, shi kuwa AM4, wanda B550 ɗin ke kansa, da DDR4 yake tafiya. Ya kuma ja hankalina kar in rikita 5600 da 5600G, mai G ɗin yana da girafik a cikinsa amma kash ɗinsa, wato ƙaramin memori mai sauri da ke cikin firosesa, 16MB ne maimakon 32MB kuma a PCIe 3.0 ya tsaya, tunda zan sa kad daban ba ni da buƙatarsa.

Kad ɗin RTX 3060 na ɗauka, kuma nan ne mutum zai buɗe ido sosai wallahi, don iri biyu ne suna ɗaya, akwai mai 12GB da ya fito a 2021 akwai kuma mai 8GB da aka saki daga baya wanda bai kai shi ƙarfi ba, mai editin 4K kuwa wannan 4GB ɗin da ke tsakani ba ƙaramin abu ba ne. Nawa tokumbo ne, wato na hannu da aka riga aka yi aiki da shi. Tun da Ethereum ta daina mainin, wato haƙar kuɗin kirifto, da kad a Satumban 2022 kaduna suka cika kasuwa, wasu sun sha wuta dare da rana, shi ya sa nace sai an gwada a gabana. Bai yi musu ba. Ya juya bayan kad ɗin ya nuna min sitikar da ke kan sukurun ba a huda ta ba, ya juya fankokin da yatsa muka ji ba sa kuka, sannan ya ɗora shi ya buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kad, muka ga sunan da girman memorin sun yi daidai da kwali, ya sake masa FurMark, manhajar da ke ɗora wa kad aiki mai nauyi don gwaji, muna kallon zafinsa yana hawa har ya tsaya waje ɗaya, sikirin bai yi ɗige-ɗige ba bai ɗauke ba. Sai bayan nan aka yi maganar kuɗi.

Inda na fi yaba masa shi ne fawa saflai. Mutanenmu da yawa sai su kashe dukiya kan kad su zo nan su ce a ba su mai araha, alhali shi ke ba kowa wuta, in ya ƙone yana iya tafiya da madabod da kad gaba ɗaya. Ya ɗora min guda biyu a hannu, mai arahar an rubuta wat mai yawa a jikinsa amma ba nauyi kamar gwangwanin da babu komai ciki, ɗayan kuma da nauyinsa. Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro kad ɗin, 550W ta ba da shawara wa 3060, mun ɗauki 650W mai tambarin 80 Plus Bronze. Kuma da yadda wuta ke rawa a Legas, yanzu ta gari anjima janareto, yace in nemi UPS mai fiya sain web, wato mai ba da wuta sumul irin ta gari, don wasu fawa saflai na zamani ba sa jituwa da ƙananan UPS, ana ɗauke wuta sai kwamfutar ta mutu kana tsakiyar renda, wato fitar da bidiyon da ka gama editin.

RAM 32GB ne, guda biyu 16 da 16 don su yi aiki tare, ya kuma shiga BIOS, wato saitin madabod, ya kunna XMP don RAM ɗin ta hau cikakken saurinta na 3200. SSD NVMe 1TB na aiki, had dis daban na ajiyar bidiyon mutane.

Abin da ban so ba, farashin da aka faɗa min a waya ba shi na tarar ba, wai dala ta motsa, sai da muka ja sosai. Warantin kayan tokumbo gajere ne kuma da baki suka so su bar shi, ni na dage sai an rubuta a rasit tare da siriyal nambar kad ɗin, kai ma ka dage. Sannan mai shagon ya yi ta tura min kesin mai gilas da fitilu kala-kala wanda gabansa a toshe yake, da zafin garin nan da gumi ina iska za ta shiga? Mai raga a gaba na ɗauka. Wajen kuma a matse yake, in mutum uku suka shigo sai ɗaya ya tsaya a baranda.

In zaka je ka je da safe kafin kasuwa ta cika, kar ka bi yaran da ke tare mutane a bakin get suna cewa su kai ka, kuma ka tafi da filas ɗinka da bidiyo mai nauyi irin wanda kake aiki da shi, in an gama haɗawa a yi renda ɗinsa a gabanka kafin ka tura cikon kuɗi.