KiCad ta fitar da ni kunya, amma har yanzu ina jin zafin kuɗin kwas ɗin nan

Duk mai gyaran inbata ko cajar sola da ya gaji da haɗa da'ira da hannu a kan allon Vero mai ramuka yana burin ranar da zai zana nasa allon, a buga masa shi tsaf irin na kamfani. Wannan burin ne ya sa na biya kuɗin wani kwas na intanet da aka yi ta tallarsa a tsakanin masu gyara, wai za a koya maka zanen PCB, wato allon da'ira da ake bugawa, da irin manhajar da manyan kamfanoni ke aiki da ita. Ba zan kama sunan mai kwas ɗin ba. Waɗanda suka biya sun san shi, sun kuma san abin da ya fita daga aljihunsu.

A tallar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kuɗin har da manhaja. Ashe lasisin gwaji ne na ɗan lokaci, kuma ba wanda ya faɗa mana. An turo mana inda za mu sauke, aka ce mu yi rajista da imel, muka yi. Darussan farko sun yi armashi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Mutumin ya iya bayani: ya nuna yadda ake ɗora alamar kowane abu a zanen da'ira, a haɗa su, sannan a koma ɓangaren allo a jera kaya, a ja layukan jan ƙarfe. Da na ga hannuna ya fara faɗawa, sai na karɓi aikin wani mai gidan kaji da ke son na'urar da za ta riƙa kunna fankoki da kashe su gwargwadon zafin ɗaki. Aiki ne madaidaici, ESP32 ne, wato ɗan guntun kwamfuta mai sarrafa na'ura, da abin auna zafi, da rile biyu masu kunna fankokin da kashe su, da ɗan ɓangaren da ke sauke wuta zuwa bolt 3.3. Na karɓi kafin alƙalami, na yi wa mutum alkawarin lokaci.

Na jera kaya, na ja kusan dukkan layuka, saura in fitar da fayilolin Gerber, waɗanda da su ake buga allo, in tura wa masu bugawa a ƙasar Sin. Ina buɗe manhaja, sai ta ce lasisi ya ƙare. Ga fayil ɗina a kwamfutata, ina kallonsa, amma ba halin in ci gaba da aiki a kansa. Na zama kamar telan da aka kulle wa keken ɗinki ana jibi Sallah, ga yadin mutane a yanke. Na kira mai kwas. Budar bakinsa sai ya ce, "Haba Injiniya, ai kowa kwafin sata yake sawa, bari in turo maka." Na ce, "Malam, ba wannan ka tallata mana ba." Ya ce in ba na so, ƙofa a buɗe take, in je in sayi lasisi. Na nemi farashi, na tarar ana maganar dubban daloli. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, kowa ya san inda dala ta kai. Ko kayan shagona duka na haɗa na sayar, da kyar su kawo kuɗin.

Kwafin satan kuwa na ƙi shi. Sharaɗin farko na sa shi a kwamfuta shi ne ka kashe manhajar da ke tsare ka daga bairos, ni kuma da wannan kwamfutar nake shiga asusun banki, a cikinta lissafin shago yake. Ban da haka ma, raina bai kwanta da in ci abinci da kayan sata ba, in kuma koya wa yaran shago haka.

Su kansu masu manyan manhajojin ba don irinmu suka yi su ba. Altium Designer, da OrCAD da Allegro na kamfanin Cadence, da PADS da Xpedition na Siemens, duk an gina su ne don wuraren da injiniyoyi da yawa ke aiki tare a kan allo mai hawa-hawa irin na waya ko na kwamfuta. A 2024 kamfanin Renesas na Japan ya sayi Altium a kan kusan dala biliyan 5.9. Wanda ake cinikinsa da irin wannan kuɗi ba mai shago ɗaya a kasuwa yake nema ba. Akwai lasisin ɗalibai na kyauta, amma sai mai imel na makaranta. Eagle da mutane da yawa suka fara koyo da ita, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2016, daga baya ya sanar cewa zai daina sayar da ita da kula da ita a Yunin 2026. Mai kwas ya san duk wannan, ya yi shiru ya karɓi kuɗinmu.

Wani ƙanena a sana'a, wanda ya yi karatu a poli, shi ya ce, "Yaya, gwada KiCad, manhajar zanen allo ce ta kyauta, tana buɗe fayil ɗin wasu manhajojin." Gaskiya ban sa rai ba, don a tunanina abin kyauta ba zai wuce na wasan yara ba. Na sauke, na shiga wajen shigo da fayil ɗin da ba nata ba, na nuna mata aikina. Wallahi sai ga allona ya bayyana, kaya a inda na ajiye su, layuka a inda na ja su. Wasu rubuce-rubucen saman allo sun ɗan goce, ƙa'idojin tazara kuma sai da na sake shigar da su da hannu, amma wannan ba komai ba ne a kan sake aiki daga tushe. Na danna maɓallin B, shimfiɗar jan ƙarfen ƙasa ta cika. Na sa ta binciki kurakurai, na duba allon a hoton da ake jujjuyawa ta kowane ɓangare, na fitar da Gerber da fayil ɗin ramuka, na tura. Ba ta tambaye ni katin banki ba, ba ta ce girman allo ya wuce na kyauta ba. Da alluna suka iso na like kaya da dalma, fankokin gidan kaji suka tashi. Na ɗan makara a kan alkawari, amma mutumin ya karɓi kayansa.

Daga baya na karanta tarihinta, abin ya ƙara burge ni. Wani malami ne a Grenoble ta Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara ta a 1992. Tun wajen 2013 cibiyar bincike ta CERN ta sa hannu a ciki, kuma daga wajensu aka samu dabarar nan ta jan layi inda sabon layi ke ture tsofaffin su matsa masa hanya. Tana ɗaukar hawa 32 na jan ƙarfe, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Ga wanda sabis ke yi wa gardama a shago, wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauka an huta. Kyauta ce, ba sauƙi ba ce. Saukewar kaɗai tana cin kusan gigabait ɗaya na data. Alamar abu a zanen da'ira daban take da sawunsa, wato zanen wurin da ƙafafunsa za su zauna a kan allo, kuma kai za ka tabbatar sun dace, ka buɗe takardar bayanin kayan ka gwada lambar kowace ƙafa. Ƙananan transisto masu ƙafa uku nan suka fi cin mutane. Ba ta da abin ja maka layuka da kansa a cikinta, sai ka nemo wata manhaja mai suna Freerouting ka haɗa, ita kuma tana son a sa mata manhajar Java. Sannan kusan kowace shekara sabuwa ke fitowa: ta 6 a ƙarshen 2021, ta 7 a 2023, ta 8 a 2024, ta 9 a 2025. Sai ka bi darasi a YouTube ka nemi maɓallin da ake nunawa ka rasa, don an canza masa wuri. Fayil ɗin da aka adana da sabuwa kuma tsohuwa ba ta buɗe shi.

A nan ne raina ya sake ɓaci da kwas ɗin, fiye ma da ranar lasisi. Da na zauna da KiCad ni kaɗai na gane cewa maɓallai kawai aka koya mana. Ba a taɓa gaya mana faɗin da layi ke buƙata gwargwadon wutar da zai ɗauka ba. A cikin na'urar lissafin KiCad na ga cewa a jan ƙarfe mai kaurin maikuromita 35, wanda shi ne gama-gari, layin da zai ɗauki amfiya 2 yana son kusan milimita 0.8 in ba a so ya ɗau zafi. Ba a yi maganar tazarar da za a bari tsakanin bolt 230 na wajen rile da ɓangaren ƙaramar wuta ba, alhali wannan maganar rai ce, ba ta kwalliya ba. Ba a ce a sa ƙaramin kafasito daf da ƙafar wutar IC, wato guntun da'ira mai ƙafafu da yawa, ba, ba a ce kada a shimfiɗa jan ƙarfe a ƙarƙashin eriyar ESP32 ba. Duk wannan a takardun masu ƙera kayan na tsinto shi, da Turanci mai nauyi, ina karantawa ina komawa baya. Wanda ya gama kwas ɗin nan ya tafi kai tsaye ya zana allon da ke taɓa wutar gida, Allah kaɗai zai tsare shi da mai sayen kayansa. Na nemi a dawo mini da ko rabin kuɗina, aka ce in jira kashi na biyu, wanda shi ma sai an biya.

Akwai kuma abin da KiCad ba za ta iya yi mini ba. Tallan aiki da yawa na kamfanonin waje sunan Altium ko Allegro suke kamawa, don haka mai niyyar aiki a can dole wata rana ya nemi hanyar taɓa su ta halal, ko ta makaranta ko ta wurin aikin. Ni dai allo mai hawa biyu nake yi wa masu sola da masu kaji, kuma ban ci karo da abin da ya gagare ta a wannan matakin ba. Yaran shagona da ita suke koyo yanzu, kuma na sa mu duka mun tsaya a kan fitowa ɗaya, don fayil ɗin kowa ya buɗe a kwamfutar kowa. Darasinsu na farko shi ne karanta takardar bayanin kaya da auna sawu, kafin in bar su su ja layi ko ɗaya.