Wata guda da babban ƙamusun Oxford

Fasfo ne ya ja ni na biya kuɗin shiga babban ƙamusun Oxford na intanet, wanda ake kira OED. Ina zaune a layi ina jujjuya shafin farko na fasfona, sai idona ya faɗa kan "without let or hindrance", wato ba tare da tsaiko ko hani ba. Ni da na shekara goma sha ina koyar da Turanci, abin da na sani shi ne "let" bari ne, a ƙyale mutum. To me ya haɗa ta da hani? Ƙaramin ƙamusun da ke wayata bai gamsar da ni ba.

Ashe kalmomi biyu ne suka yi kama kamar tagwaye, kowace da tushenta a tsohon Turanci. Wannan ta fasfo ma'anarta cikas, kuma ta kusa mutuwa, sai a bakin lauyoyi da filin wasan tanis take ɗan numfashi.

Daga nan fa na shiga uku, don dare ya riƙa raba ni da barci. OED ba ya tsayawa ga faɗin ma'ana, tarihin kalma yake shimfiɗa maka, kowace ma'ana da jimlolin da aka tsamo daga tsofaffin rubuce-rubuce, da shekararsu a gefe. Nan na ga "nice" da muke yabon mutum da ita a da wawa take nufi, daga kalmar Latin ta jahili. "Silly" kuwa ta faro ne da mai albarka. "Meat" kowane irin abinci ne, ba nama kaɗai ba. Ma'anar da ta mutu ba a share ta, sai a yi mata alama a bar ta a wurinta.

Aikin ba na jiya ba ne. Kashin farko ya fito a 1884, ba a kammala ba sai 1928, bugu na biyu kuma na 1989 mujalladi 20 ne. Da na laluba sai ga "Kannywood" da "okada", waɗanda aka shigar tare da wasu kalmomin Najeriya a 2020. Na yi murmushi.

Amma ɗalibin da ke son ma'ana cikin minti ɗaya kafin jarrabawa, ba nasa ba ne, zai ɓata a tsakiyar ƙarni na 14. Kuɗin ma sai malamin makaranta ya yi lissafi. Ni dai na sabunta na wata mai zuwa, don ban gama da harafin S ba.