Kiret ɗin roba na tumatir: ya cancanci kuɗinsa ga ɗan gwarin Farin Gada?

Duk wanda ya san kasuwar Farin Gada a Jos ya san yadda ake lodin tumatir: a cika kwando har ya yi tozo, a rufe da ciyawa ko takarda, a ɗaure da igiya, a ɗora wani a kansa. Kafin mota ta gangara Hawan Kibo ta kai Akwanga, na ƙasa ya fara zubar da ruwa. Tsinken kwandon yana huda fatar, nauyin na sama yana matse shi, zafi kuma ya taru a tsakiya. Idan Dei-Dei ta Abuja za a kai, da sauƙi. Idan Mile 12 ta Legas ce, tafiyar kusan kilomita 1,000, to asarar ba ta ɓoyuwa.

Kiret ɗin roba mai huji-huji shi ne maganin da ake tallatawa, kuma a gaskiya yana aikinsa. Yana ɗaukar kilo 20 zuwa 25, wato ɗan dako ɗaya zai ɗaga shi ba tare da jifa ba. Cikinsa sumul ne. Idan aka jera, bakin na ƙasa ne ke ɗaukar nauyin na sama, tumatirin ba ya jin komai. Iska na ratsawa ta hujojin. Ana wanke shi a sake amfani da shi shekara da shekaru, alhali kwando da wuya ya wuce tafiya ɗaya ko biyu.

Amma sai an bi ƙa'idarsa. Kuskure na farko shi ne a yi masa tozo irin na kwando. Da an ɗora na sama, an koma gidan jiya. A bar tazarar yatsa biyu daga baki. A tsinki tumatir da sanyin safiya lokacin da ya fara ja, a ware mai rauni tun a gona, domin guda ɗaya da ya fashe yana lalata maƙwabtansa. Kada a bar kiret a rana tsawon makonni, robar takan bushe ta tsage daga hannu. Wajen saye a latsa gindinsa da babban yatsa: wanda ya lotsa ba zai jure jeri ba. A nemi irin wanda ke shigewa cikin ɗan'uwansa idan babu kaya, don kuɗin dawo da shi ya ragu.

Dawowar ita ce babbar matsalar. Kwando ana sayar da shi tare da kayan, a manta da shi. Kiret kuwa jari ne da ya tafi Legas, sai an sami amintacce a can da zai tara shi ya sa a mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, direba ba ya ɗaukar fanko kyauta. Ga kuma ma'auni: manomi da dillali da mai saye duk da kwando suka saba yin ciniki, la'ada ma a kansa ake yanke ta.

A nan ake ganin yadda yanayin sana'ar ke riƙe arzikin Filato. Sanyin tsaunin da ruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari suna ba da tumatir, kabeji da karas a lokacin rani, amma masu harkar ƙanana ne, jarinsu na juyawa ne daga lodi zuwa lodi, yawanci bisa bashi da amana. Mai irin wannan jari ba zai daskarar da kuɗinsa a kiret 200 ba. Sai ya ci gaba da kwando, abin da ya ruɓe a hanya kuma a cire shi daga kuɗin manomin Jos.

Don haka ga mai kai kaya Abuja, wanda motarsa ke dawowa washegari, kiret ya cancanci saye ba tare da wani dogon tunani ba. Mai lodin Legas kuwa gara ya haɗa kai da 'yan ƙungiyarsu su saya tare, su buga alama da fenti a kowanne, su riƙa bayar da haya a kan kowace tafiya, da mutum guda a can mai ƙirgawa.