Asibitin Kusa Ko Na Birni: Ina Za A Kwantar Da Mara Lafiya?

Da zarar likita ya ce sai an ba mutum gado, gardama takan tashi a gida: a bar shi a babban asibitin ƙaramar hukuma, kamar na Ringim ko Gumel, ko a wuce da shi birni?

Na kusa ya fi sauƙin jinya. Uwargida ta dama kunu da asuba, yaro ya kai a babur tun bai huce ba. Masu jinya su riƙa karɓa-karɓa, yau ƙanwa gobe inna, aikin gona ma bai tsaya ba. In zazzaɓin cizon sauro ne, ko gudawa mai neman ƙarin ruwa, ko haihuwar da ba ta zo da gardama ba, ni ban ga dalilin wahalar da mutum a hanya ba.

Amma akwai ciwon da ya fi ƙarfin nan. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da ƙwararrun likitoci, ana wankin ƙoda da manyan tiyata. Sai dai jinya a can tana cin aljihu: kuɗin mota, abincin saye, gwaje-gwaje, ga mai jinya nesa da kowa nasa, tabarma da buta kawai a gefensa.

In tafiyar ta kama, a karɓi takardar turawa daga likitan farko, a haɗa da sakamakon gwaji da kwalayen magungunan da yake sha. A tafi da ɗan'uwa lafiyayye, domin in aka zo ƙarin jini, sau da yawa dangi ake nema su bayar.