Gargaɗi: Tsiron da ake sayar muku ba alobera ba ne

Jama'ar Katsina, musamman iyayenmu mata da ke rukunonin saye da sayarwa na WhatsApp, don Allah a yi hattara. Akwai wani mutum da ke tallar wani tsiro mai ƙaya a baƙar leda, yana kiransa "alobera 'yar Misira", wai ta fi tamu ƙarfi, wai tana maganin ciwon suga da basir da gyambon ciki. Sai an tura masa kuɗi yake aiko mai Keke da ita. Babu suna a jikin ledar, babu takarda, in ka matsa masa da tambaya ya daina ɗaukar waya.

Na riƙe wadda ya sayar wa wata maƙwabciyarmu a Ƙofar Ƙaura. Ganyen siriri ne, mai tauri, gefensa ƙayoyi ne masu lanƙwasa da ke kama riga, bayansa kuma fari-fari da layi-layi. Da na karya shi, zare kawai na gani, busasshe ƙamas. Alobera ta gaskiya, wadda kakanninmu ke ce wa kabar giwa, ganyenta kauri gare shi, kana karyawa ruwa mai launin rawaya da ɗaci zai fito, cikinsa kuma yauƙi kamar na kuɓewa. Wannan gwajin kaɗai ya isa. Ku karya ganye ɗaya kafin ku biya ko sisi.

Tsiron nasa ɗan uwan abarba ne, daga dangin Bromeliaceae. Irinsu masu jure fari, akwai Dyckia da ke fitowa a kan duwatsun Barazil da maƙwabtanta, akwai Hechtia ta Meziko, kuma kamanninsu ɗaya har sai sun yi fure. Furen Dyckia ruwan lemo ne ko rawaya, sandarsa na fitowa daga gefe. Na Hechtia ƙanana ne, galibi fari-fari, kuma namiji daban mace daban. To in masana ma sai sun jira fure, ina shi ya samo suna har da jerin cututtuka?

Tsiron kansa ba shi da laifi. Na ado ne, yana jure rana da hunturunmu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne maƙwabciyar nan tamu ta ajiye maganin sugarta na asibiti, tana dafa ganyen tana sha safe da yamma, saboda mutumin ya rantse mata. Ko alobera ta gaskiya, ruwan nan nata mai ɗaci yana sa gudawa, kuma ana hana masu juna biyu shansa.

Wanda ya riga ya saya, ya daina sha yau, ya je a auna masa suga. A adana shaidar tura kuɗin da lambar wayarsa, a kai wa banki da 'yan sanda. Tsiron kuma a ɗauke shi daga inda yara ke wasa, ƙayarsa tana yanka.