Gargaɗi ga malaman Zango: masu sayar da aikin koyarwa a Ingila sun shigo Kumasi

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai na Aboabo, Asawase, Sawaba, Alabar da Tafo Zango, da duk wanda yake da ɗa ko ƙani mai riƙe alli. Wata biyu ke nan ina juya wannan magana a raina, domin a gidanmu abin ya faru, kuma wadda aka cuta ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Jiya bayan isha'i ta same ni a ƙofar ɗaki ta ce, "Yaya, ka rubuta kawai. Kada wata ta faɗa ramin da na faɗa." Da izininta nake magana.

Akwai wani mutum da ke bin malaman makaranta yana cewa zai samo musu aiki a Ingila, da biza, da rajistar ƙwarewa, duk a dunƙule. Ba shi kaɗai ba ne, yana da yara masu kawo masa mutane. Ba zan kama suna ba domin magana tana hannun 'yan sanda, kuma sunan da ya ba mu ma ba nasa ba ne. Yadda yake aiki nake so ku gane, saboda suna da ofis ana canja su a dare ɗaya.

Ƙanwata malamar lissafi ce a ƙaramar sakandare, shekararta shida tana koyarwa. Tana da digiri, ta ci jarrabawar lasisi, tana da lambarta ta NTC, hukumar da ke ba malamai lasisi a Ghana. Kowa ya san yadda albashin malami yake kafin ashirin ga wata, ba sai na tsaya faɗa ba. Wanda ya kai mata labarin wani dattijon malami ne da muke sahu ɗaya da shi a masallaci, mutumin da ko allura ba zai ɗauka ba in ba tasa ba ce. Shi ma ya biya wa ɗansa. Sai daga baya muka gane haka suke so: su fara kama mutum mai mutunci, shi kuma ya jawo sauran da zuciya ɗaya.

Ni na raka ta ofishin, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Ɗaki ne ɗaya a saman bene a Adum, ƙasansa shagon sayar da wayoyi. Tebur, fanka, 'yar tutar Birtaniya a cikin kofin birori, sai bango cike da hotunan mutane riƙe da akwatuna a filin jirgi. Mutumin ya sa farar jallabiya, yana jin Hausa, bakinsa bai rabu da in sha Allah ba. Muna cikin magana aka kira la'asar, ya ce mu dakata ya yi salla tukuna. Wallahi a lokacin nan ne hankalina ya kwanta da shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin da addininmu ya buɗe aljihunmu.

Abin da ya sa muka yarda, rabin maganarsa gaskiya ce. Daga 1 ga Fabrairu 2023 gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa malaman da suka samu horo a Ghana, Najeriya, Indiya, Zimbabwe da wasu ƙasashe ƙofar neman QTS, wato shaidar cewa kai ƙwararren malami ne a Ingila. Mun ji labarin a rediyo tun lokacin. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mana sanarwar, ya nuna inda aka ce masu lissafi, kimiyya da harsuna ake nema, masu koyar da yara 'yan shekara 11 zuwa 16. Ya dubi ƙanwata ya ce, "Malama, ai ke suke nema. Ke dai ki bar mini sauran."

Sauran kuwa kuɗi ne, kashi-kashi. Sidi 1,500 na fom. Bayan mako biyu sidi 6,000, wai kuɗin rajistar QTS. Sai aka yi mata abin da suka kira intabiyu ta WhatsApp: minti goma, kyamarar can ɓangaren a kashe, wata murya tana tambayarta ko za ta iya jure sanyi, ko tana da aure. Malamar lissafi, amma ko tambaya ɗaya a kan lissafi ba a yi mata ba. Kwana uku aka ce ta ci. Sai sidi 25,000 na takardar ɗaukar nauyi daga makaranta, kuma a biya kafin Juma'a ko a ba wa wani gurbin. Na ƙarshe sidi 9,000, wai inshorar lafiya. Kowane biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma kowane lokaci lambar daban, sunan daban. Da na tambaya sai ya ce na ma'aikatansa ne, asusun kamfani yana da matsala da banki. Fasfonta ma ya karɓa, wai zai kai ofishin jakadanci da kansa.

Sidi 41,500. Ku san inda suka fito. Adashinta na shekara guda, da bashin da ta ci a asusun malamai wanda har yanzu ana cire mata a albashi, da abin da na tara don gyaran rufin gida. Da bai kai ba, Mma ta shiga ɗaki ta kwance wani tsohon ɗankwali daga ƙasan akwati, ta fito da sarƙa da 'yan kunnen zinaren da ta sayo a Makka. Ta ɗora su a tafin hannun ƙanwata ta rufe mata yatsu a kai, ta ce, "Je ki sayar. In kin isa kya saya mini wanda ya fi shi." Wannan sarƙar ce ba na iya mantawa.

Kuma ya gargaɗe mu tun ranar farko kada mu faɗa wa kowa. "Tafiya ba a yi mata shela," in ji shi, "ba kowa ke son ci gabanki ba." Ya san mu sarai. Ya san a Zango mutum yakan ɓoye tafiyarsa sai ya sauka ya kira gida, saboda tsoron baki da hassada. Shirun nan ne ya ba shi wata huɗu yana cin mutane ba wanda ya tambayi wani.

Asiri ya tonu ne ta hannun 'yar kawunmu da ke aikin jinya a Ingila. Mutumin ya ba ƙanwata wata takarda mai kauri da ya kira CoS, wato takardar ɗaukar nauyin nan, a cikin ambulan ruwan ƙasa, da hatimin zinare a gefe, da sunanta da manyan haruffa. Don murna ta karya alkawarin shiru ta tura mata hoto. Minti biyar ba a yi ba sai ga kira. "Yaya, wa ya ba ku wannan? CoS ba takarda ba ce. Lamba ce a kwamfuta, makaranta ke fitar da ita, kuma ba a sayar da ita." Makarantar da aka rubuta tana nan da gaske, amma adireshin imel ɗin na Gmail ne. Washegari 'yar kawun namu ta buga wa makarantar waya da lambar da ke shafinsu, suka ce ba su san sunan ƙanwata ba, ba su da wakili a Ghana.

Da muka isa Adum mun tarar da kwaɗo a ƙofa. Yarinyar shagon wayoyi ta ce tun daren Juma'a suka kwashe kaya. A kan matakalar benen akwai malamai uku zaune, kowa da ambulan ruwan ƙasa irin namu a hannu, ɗaya tun daga Ejura ya taho da asuba. Ba wanda ya iya kallon idon wani.

Tun daga ranar na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko, a shafin gwamnatin Birtaniya, gov.uk. Neman QTS ta wannan hanya kyauta ne. Kai da kanka kake cike fom a intanet, hukumar TRA mai kula da malamai a Ingila ce ke dubawa, kuma tana neman wasiƙar tabbatar da matsayinka daga NTC ta nan Ghana, ba daga wani ofis a saman bene ba. Sharuɗɗan sukan canja, don haka a karanta su a ranar da za a nema, kada a dogara da hoton sanarwar 2023 da wani ya nuna a waya. Abu mafi muhimmanci, QTS ba aiki ba ce kuma ba biza ba ce. Mutum zai iya samun ta ya ci gaba da zama a Asawase. Aiki sai ka nema da kanka, kuma gwamnatinsu tana da shafin guraben koyarwa kyauta mai suna Teaching Vacancies. Makarantar gaskiya za ta tambaye ka darasinka, ta tambaye ka yadda kake kare lafiyar yara, ta tuntuɓi shugabannin da ka yi aiki a ƙarƙashinsu.

Sai makaranta ta ɗauke ka sannan ta ba ka lambar CoS, kuma ba kowace makaranta ke da izinin yin haka ba. Jerin masu izini yana nan a gov.uk, kowa na iya dubawa. Da lambar kake neman bizar ƙwararren ma'aikaci cikin wata uku. Kuɗin biza da kuɗin lafiya, wanda ya koma fam 1,035 a shekara tun Fabrairu 2024, a cikin shafin gwamnati ake biyansu, babu MoMo a lamarin. Gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi ake yi a Accra, takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda take fitowa, ɗaukar hoton yatsu kuma ƙafarka ce za ta kai ka. Babu mai yi maka ko ɗaya a ciki, don haka babu dalilin da zai sa fasfonka ya kwana a aljihun wani. A dokar Birtaniya ma ta 1973, haramun ne kamfanin samar da aiki ya karɓi kuɗi a hannun mai neman aiki irin wannan. Makaranta ce ke biyansu.

Mutumin ya kuma yi mana romon baka da wata kyautar fam 10,000, wai tana sauka za a ba ta, ta mayar da duk abin da ta kashe. An yi wannan tsari da gaske a 2023, amma na malaman harsuna da fiziya ne, malamar lissafi ba ta ciki. Da mun karanta layi biyu da mun kama shi a nan.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi. Da a ce ƙanwata ta shigar da waccan takarda cikin neman biza, ana iya ɗaukar ta a matsayin mai yaudara a hana ta shiga Birtaniya har shekara 10, alhali ita aka cuta. Sannan ya matsa mata ta ajiye aikinta na GES, hukumar ilimi ta Ghana, wai jirgi ya kusa. Ta rubuta takardar ta kai. Allah Ya saka wa hedimastanta da alheri, ya karanta ya jefa a durowa ya ce, "'Yata, kawo mini biza a cikin fasfo in gani, sannan in sa hannu." Ba don shi ba da yanzu ba kuɗi ba aiki.

Ba ina hana kowa tafiya ba ne. Malami yana da haƙƙin neman inda guminsa zai fi daraja, kuma akwai waɗanda suka bi hanyar gaskiya suka isa. Amma duk wanda ya ce shi wakili ne, Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta wajabta masa lasisi. Ku ce ya nuna, ku ɗauki hoto, ku je ofishin ƙwadago ku tambaya kafin ku ba da ko sidi ɗaya. In ya ce ku yi shiru, ku tashi ku bar wurin.

Waɗanda kuma aka riga aka cuta, don Allah ku daina ɓoyewa. Na san kunya ce ke riƙe ku, malami guda a ce an yi masa wayo. Mu ma mun ji ta. Amma a rukunin WhatsApp da ya saka mu, mun kusa arba'in, kuma mu bakwai kaɗai muka je muka ba da bayani. Kada ku goge saƙonnin MoMo, kada ku goge hirarku da shi. Ku kai su ofishin CID, ku kira 292 na hukumar tsaron intanet, ku sanar da kamfanin layinku lambobin da kuka tura wa kuɗi. Wanda fasfonsa ya tafi ya kai rahoto da wuri, kada a yi wani aiki da sunansa.

Abin da ya sa na kasa ƙara jira shi ne, ranar Asabar wani abokin aikina ya nuna mini sabon talla da ke yawo a wayoyin malamai. Yanzu ba Ingila ba ce, Kanada da Dubai ne, har da guraben malaman Larabci da Alƙur'ani, wato malaman makarantun Islamiyya ake hari. Sunan kamfanin sabo ne, lambar sabuwa ce. Amma na duba hotunan mutanen da ke riƙe da akwatuna a filin jirgi, su ne dai waɗanda na gani a bangon ɗakin nan na Adum. Limamanmu da masu unguwanni, ina roƙon ku faɗi wannan magana ranar Juma'a mai zuwa.